Filin Tambaya da Amsa: Agogona ya suɓuce ya faɗi ƙasa, yanzu me zan yi?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin da suka taru wannan karon da yawansu kan agogo ne, agogo sarkin aiki, kuma ba mai batir ba, irin mai inji wanda ake wanawa da hannu ko wanda motsin hannu ke wana shi da kansa, wato otomatik. Na tsinci waɗanda suka shafi faɗuwa na haɗa su waje ɗaya tunda amsar wani tana shiga cikin ta wani. Na rage tsawon wasu saƙonnin, masu su a yi haƙuri.

Tambaya: Slm Malam, fatan kana lafiya. Agogon mahaifina ne Allah ya jiƙansa, Seiko 5 da ya taho da shi daga aikin Hajji tun muna yara, ni na gaje shi. Ranar Juma'a na cire zan yi alwala na ɗora a gwiwa sai ya zame ya faɗi kan tayil, wlh ƙarar da naji har cikin raina. Na ɗauka naga yana tafiya, gilashin ma bai fashe ba sai ɗan tabo a gefe. Shikenan ya tsira ko akwai abunda ya kamata in yi? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan Baba ya kyauta namu ƙarshen. To ɗan'uwa, yana tafiya ɗin nan alama ce mai kyau amma ba ita ce hukunci ba, agogo mai inji yana iya faɗuwa ya ci gaba da ƙyas-ƙyas ɗinsa alhali wani abu ya goce a ciki, sai bayan kwana biyu ka ga ya fara kai ka sallah a makare. Don haka kar ka ce ya tsira tukuna, kar kuma ka ruga wajen mai gyara a buɗe maka shi ba dalili. Ka bincike shi da kanka, kuma binciken ba ya buƙatar komai sai idonka da kunnenka da wayarka.

Amma bari in fara gaya maka abun da ake tsoro, don in ka gane shi sauran bayanin zai zauna maka. A cikin injin akwai wani ɗan wili da masu gyara ke ce wa balans, shi ne ke kai da komo ba hutu, a irin naka sau 21,600 yake bugawa a awa ɗaya, wato bugu 6 a kowane sakan, wasu agogunan kuma 28,800 suke yi, bugu 8 kenan. Wannan wilin a kan wata 'yar sanda yake tsaye, kuma bakinta sama da ƙasa siriri ne ainun, kaurinsa bai wuce na silin gashin kai ba, yana zaune cikin 'yan jajayen duwatsun nan da ake rubuta adadinsu a fuskar agogo, 17 ko 21. A jikinsa kuma akwai wani siririn sifirin a nannaɗe wanda shi ke ƙayyade saurin bugun. Duk lokacin da agogon ke nuna maka daga waɗannan biyun yake fitowa, kuma su ne mafi rauni a cikinsa. Shi ya sa a da, agogon aljihu in ya faɗi kusan kullum sandar balans ce ke karyewa.

Masu ƙera agogo sun daɗe suna neman maganin wannan. Tun wajen 1790 Breguet ya ƙirƙiro wata dabara ta kare bakin sandar, sannan a shekarun 1930 aka fito da Incabloc a Suwizalan wanda shi ya bazu ko'ina, su kuma Seiko nasu Diashock suke ce masa, tun 1956. Dabarar dai ɗaya ce da shokazobar mota, an ɗora dutsen a kan ɗan sifirin, in duka ya zo sai ya matsa gefe ɓangaren sandar mai kauri ya karɓi dukan, sannan ya dawo mazauninsa. Agogon Baba yana da wannan, kuma ina kyautata zaton shi ya cece ka. Sai dai fa tayil mugun waje ne, shi da siminti da dutse ba sa lotsawa ko kaɗan, duk ƙarfin dukan agogon ne ke shanye shi, da kan tabarma ko kafet ya faɗi da ban ma tsawaita ba.

Yanzu ga yadda za ka yi. Ka fita haske ka dube shi da kyau, ka karkata shi ka duba gefen gilashin ko akwai tsaga, don tsaga takan ɓuya a can baki inda ya haɗu da ƙarfe. Ka duba fuskar, ko wata lamba ta ɓalle tana yawo, ko fuskar kanta ta ɗan juya, tunda da wasu 'yan ƙafafu biyu take riƙe a baya kuma sukan karye. Ka kai shi kunne ka juya shi a hankali, a hankali fa na ce ba girgiza ba. Otomatik dama za ka ji faifan da ke wana shi yana zagayawa, wannan ba komai, abun da ba a so shi ne ƙarar wani ƙaramin abu yana gangarawa ko ƙarar gogar ƙarfe da ƙarfe. In ka ji haka ka tsaya nan, ka ajiye shi, kar ka sake ɗaurawa sai mai gyara ya gani, domin ɗan sukuru ɗaya da ya kwance in ya shiga tsakanin haƙoran gear ko ya maƙale a siririn sifirin nan, gyaran da bai kai ya kawo ba sai ya zama babba.

In ba ka ji komai ba, ja kunnen agogon, ɗan abun wanin nan na gefe, ka ji ko yana fita yana komawa sumul ko ya lanƙwashe. Ka juya allurai su zagaya awa 12 cif kana kallo, kar su taɓa juna kar su taɓa gilashi, kuma in ka kai ƙarfe 12 ka ga ta awa da ta minti sun hau kan juna daidai. Kwanan wata ma ka gwada, amma kar ka canza shi da kunne lokacin da agogon ke nuna tsakanin 9 na dare da 3 na asuba, a lokacin injin ya riga ya kama faifan kwanan yana shirin juya shi, in ka tilasta sai ka karya haƙori, wannan ko bai faɗi ba doka ce.

Sai gwajin da ya fi duka, wanda mutane ke ƙyuyar yi saboda yana son haƙuri. Ka saita shi da agogon wayarka, ka rubuta bambancin sakan nawa ne a tsakaninsu, ka ɗaura shi yadda ka saba, gobe a daidai wannan lokacin ka sake dubawa ka rubuta, ka yi haka kwana uku zuwa mako. Da daddare kuma ka riƙa canza masa kwanciya, yau fuska sama, gobe fuska ƙasa, jibi a gefe kunne ƙasa. Kar ka tayar da hankali don ka ga sakan 20 ko 30 a rana, agogo mai inji ba waya ba ne, injin Seiko 4R36 na yanzu ma kamfanin ya yarda masa ya yi gaba da sakan 45 ko baya da 35 a rana, manyan da ake ba takardar COSC, wato shaidar hukumar gwajin daidaiton agogo ta Suwizalan, su ne aka ƙayyade musu baya da 4 gaba da 6. Abun da kake nema shi ne canji daga halinsa na da. In da can minti ɗaya yake ƙarawa a mako yanzu ya koma minti uku a rana, wani abu ya goce. In kuma yana tafiya fuska sama amma da ka kife shi sai ya tsaya ko ya yi baya sosai, to bakin sandar balans ko dutsenta ya taɓu, wannan ba makawa sai gyara. In ya wuce duk wannan lafiya, ka yi hamdala, amma ka karanta amsa ta ƙarshe kan maganar ruwa kafin ka kusantar da shi buta.

Tambaya: Malam nawa dai ya tsaya cak da ya faɗi. Abokina yace in buga shi a tafin hannu, na buga ya tashi, ya yi kamar minti biyar ya sake tsayawa, na sake bugawa. Yanzu ko na buga baya tashi. Mai karatu daga Maraɗi.

Amsa: Kai malam, Allah ya shirye ka kai da abokin naka. Abun da duka ya lalata ai ba duka ne zai gyara shi ba. Na san inda wannan ɗabi'ar ta samo asali, tsohuwar rediyo da tocila ake bubbugawa su kama saboda batir ya goce, shi ko wannan ba waya a cikinsa ba batir, ƙananan haƙora ne da sifirin. Kuma gaskiya a abun da nake gani, ɓarnar da mutane ke yi wa agogo bayan ya faɗi takan fi ta faɗuwar kanta yawa, a girgiza shi da ƙarfi, a buga a tafi, a yi ta murɗa kunne har ya ƙi, a sa wuƙa a ɓamɓare murfin baya a hura masa iska da baki, duk garin neman gira ake rasa ido.

Tashin da ya yi na minti biyar yana nuna ɗayan biyu ne galibi, ko akwai abun da ya kwance yana toshe hanya, bugunka ya kawar da shi ya sake dawowa, ko kuma sandar balans ta lanƙwashe ko ta tsage tana tafiya da ƙyar. In na biyun ne to bugun ƙarshe mai yiwuwa shi ya ƙarasa ta. Ba wai agogon ya mutu ba, ana canza sandar, ana ma canza balans ɗin gaba ɗaya in injin sananne ne, kuma wani lokacin allura ce kawai ta lanƙwashe ta riƙe 'yar'uwarta, gyaran minti goma. Abu ɗaya kawai aka yarda mutum ya gwada a gida in agogo ya tsaya kuma ba ƙarar komai a ciki, ya ba shi wani kaɗan a hankali, in otomatik ne marar wanin hannu ya kaɗa shi gefe da gefe sannu-sannu na rabin minti, don wani sa'in dama wanin ne ya kusa ƙarewa. Bai tashi ba, shikenan, a nannaɗe shi a tsumma mai laushi a kai wa masu abun. Kuma in ka je ka faɗa wa mai gyaran gaskiya cewa ka bubbuga, ya san inda zai duba.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, agogon maigidana ne mai tsada da aka ba shi kyauta, yaro ya janyo shi daga kan madubi gilashin ya tarwatse, har yanzu yana tafiya. Abun da ya ɗaure min kai an ce gilashin safaya ne baya karcewa, to ya akai ya fashe? Kuma zan iya kakkaɓe gilasan in goge kafin ya dawo daga tafiya? Wata uwargida daga Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya yaron, kar a dake shi don Allah. Abu na farko, tsayar da agogon yanzun nan. Ki ja kunnen har ƙarshe, a yawancin agogunan zamani allurar sakan za ta tsaya. Dalili kuwa muddin allurai na zagayawa suna jan ɓurɓushin gilashi suna karce fuskar, kuma fuska ita ce abun da ya fi wuyar samu a agogo mai tsada, gilashi kam ana samu. In kin ja bai tsaya ba, akwai injinan da ba sa tsayawa, yawancin tsofaffin Seiko 5 ma haka suke, to ki ajiye shi kawai wanin ya ƙare da kansa, kwana biyu ya isa. Ki kife shi fuska ƙasa a kan tsumma mai tsabta yadda ɓurɓushin zai zubo waje maimakon ya bi ta tagar kwanan wata ko ramin tsakiya ya gangara cikin inji, ki saka shi a leda ko ƙaramin akwati a kifen, a haka za a kai shi.

Kar ki goge, kar ki hura, kar ki sa tsintsiyar kwalliya ko auduga, kar ki juya allurai. Kuma in an kai a ce wa mai gyara ya fitar da injin ya duba shi, ba ya ɗora sabon gilashi kawai ya miƙo ba, ƙwayar safaya ɗaya da ido ba ya gani in ta shiga tana iya cin haƙoran gear a hankali.

Maganar ya aka yi ya fashe, ba a yi muku ƙarya ba. Gilashin agogo iri uku ne. Akwai na roba irin na tsofaffin agoguna, yana karcewa da wuri amma ana goge shi ya dawo, in ya sha duka kuma tsagewa yake yi ba tarwatsewa ba. Akwai gilashin da aka gasa ya yi ƙarfi, irin wanda Seiko ke kira Hardlex, shi tsaka-tsaki ne. Sai safaya, wanda a ma'aunin taurin duwatsu yana mataki na 9, lu'ulu'u yana na 10, shi ya sa makulli ko bango ba sa yi masa komai. To amma tauri daban juriyar duka daban, abu in ya cika tauri ba ya lanƙwasawa sai dai ya fashe. Haka masu Rado irin mai ƙyallin nan da alhazai ke so, DiaStar da aka fara a 1962 da ire-irensa na tangaran, shekara da shekaru ba karce amma su ma ba sa son tayil. Shawarata kuma ki kira maigidan ki faɗa masa, in da garanti ko rasit shi ya san inda suke, ko da yake garanti ba ya ɗaukar faɗuwa, amma agogo mai tsada gara a kai shi inda kamfanin ya amince.

Tambaya: Malam tunda nawa ya faɗi ya haukace, a awa ɗaya sai ya ƙara kusan minti goma. Na ɗauka in agogo ya lalace baya yake yi ba gaba ba. Daga zangon Kumasi.

Amsa: Gaisuwa ga mutanen zango. Naka ne ma ya fi ba ni ƙwarin gwiwa a duk saƙonnin nan. Siririn sifirin da na ambata a sama, tsawonsa shi ke ƙayyade sauri, in ya gajarta bugun ya ƙaru. To in agogo ya faɗi, wani zagaye na sifirin yakan tsallake ya hau kan wani ko ya rataya a jikin ɗan ƙarfen da ake saita gudu da shi, sai ya zama rabinsa kawai ke aiki, shi ne za ka ga agogo na gudun fanfalaƙi. Mai gyaran da ya san aikinsa da hantsaki zai sauke shi ya koma wurinsa, in dai bai lanƙwashe ba. In ko 'yan mintuna ne a rana ba a awa ba, yawanci ɗan ƙarfen saitin ne ya matsa, shi ma gyara ne mai sauƙi.

Sai dai ka tuna ko bayan faɗuwar ka ajiye shi kan sifika, ko kusa da murfin waya mai maganaɗisu, ko jikin rediyo, don maganaɗisu ma yana manne zagayen sifirin ya kawo irin wannan gudun sak, kuma mutane kan ɗora wa faɗuwa laifin da ba nata ba. Ka samu kamfas ka kusantar da agogon, in allurar kamfas ɗin ta bi shi sosai to ya kama, akwai 'yar na'urar da ke cire shi cikin sakan kaɗan ba sai an buɗe ba. Kar ka bari ya yi ta gudu a haka wata da watanni kana cewa ai na san lissafinsa.

Tambaya: Nawa yana kiyaye lokaci daidai, amma in na motsa hannu ina jin ƙarar gurr kamar ana goga abu, da ba ya yi. Kuma in na ajiye da dare kafin safe ya tsaya. Daga Garwa.

Amsa: Faifan da ke wana agogon ne, rabin da'irar ƙarfen nan mai nauyi da ke bayan injin. Shi ya fi komai nauyi a ciki don haka shi ke fara jin jiki, ko sukurunsa ya kwance ko boris ɗinsa ya taɓu, yanzu yana gogar murfin baya ko injin kansa, kuma ba ya tara wani, shi ya sa agogon da ya kamata ya yi kusan awa 40 a ajiye ba ya kai safe. Cire shi daga hannu yau. Gogar nan garin ƙarfe take zubarwa a cikin injin. In an buɗe za ka ga zanen da'ira a cikin murfin, shi ne shaidarka.

Tambaya: Malam na kai nawa wajen mai gyara a bakin kasuwa, bai ma daɗe da dubawa ba yace injin ya mutu gara ya cire ya sa min na batir, wai ya fi kiyaye lokaci. In yarda? Ya ake gane mai gyara na ƙwarai? Mai karatu daga Gusau.

Amsa: Ya fi kiyaye lokaci kam gaskiya ya faɗa, mai batir na kuɗi kaɗan ya fi mai inji na miliyoyi daidaito. Amma in ka yarda ka rabu da agogonka, ka dawo gida da kwanso, kuma tsohon injin da aka ce ya mutu sau da yawa a teburin yake zama ana cirar kayansa ana gyara na wasu. Ban ce duk haka suke ba, akwai dattawa a kasuwanninmu da suka ƙware tun zamanin da kowane agogo mai wani ne, su West End da Oris da Citizen da Orient duk sun bi ta hannunsu, sai dai suna ƙarewa, yawancin masu ɗan akwatin gilashin nan na yanzu canza batir da maɗauri da rage sarƙa suka iya, kuma ba laifi ba ne, sana'arsu kenan. Laifin shi ne mutum ya karɓi aikin da bai iya ba ya yi gyaran gangar auzinawa.

Ka lura da teburinsa. Yana da madubin ido, yana da hantsaki da ƙananan sukundireba masu kyau, yana rufe kayan da ya kwance ko a buɗe suke ƙura na sauka, wannan a lokacin hunturu ba ƙaramin abu ba ne, buɗe inji a bakin titi iska na kaɗawa kaɗai ya isa ya jawo wata matsalar. Ka tambaye shi da me yake wankewa da wane mai yake sawa, in ka ji fetur ko kalanzir ko man keken ɗinki, karɓi abunka ka yi masa godiya. Man agogo na musamman ne kuma ɗigon da ake sawa da bakin allura ake ɗaukarsa. In yana da na'urar auna bugu to ka dace, ana ɗora agogon a kai ta nuna sakan nawa yake ƙarawa ko ragewa a rana da kuma faɗin lilon balans, lafiyayye a cike da wani fuska sama yakan yi digiri 270 zuwa 300 da ɗoriya, in ya faɗo ƙasa da 200 akwai magana. Akwai manhajojin waya da ke kwaikwayon wannan da makirfo, suna ba da haske amma ba su kai na'urar ba.

Kafin ka bar masa, ɗauki hoton agogon gaba da baya da lambar jikinsa, in ya buɗe a gabanka ɗauki hoton injin, ku yi ciniki kafin ya fara, kuma ka ce duk abun da ya cire ya ba ka tsohon. Akwai kuma hanya ta tsakiya da bai gaya maka ba. In injin irin na gama-gari ne, su Seiko 7S26 ko NH35 ko Miyota, sau da yawa sayen sabon inji irinsa a saka ya fi araha kan kwance tsohon, kuma agogonka na nan a mai injinsa. In na gado ne dai ni na fi son a gyara na asalin ko da ya fi tsada. In kuma Rolex ɗin tire ne da ka saya a go-slow, to malam kar ka wahalar da kanka, sa batir ɗin.

Tambaya: A bayan nawa an rubuta cewa yana jure duka, amma ya faɗi sau ɗaya ya lalace. Ba yaudara ba ce? Ni ɗan acaɓa ne kuma ina buga ƙwallo, wane iri ya dace da ni? Daga Zinder.

Amsa: Ba lallai yaudara ba ce, rubutun yana da iyaka. Ƙa'idar duniya da ake bi, ISO 1413, faɗuwa daga tsawon mita 1 a kan katako mai tauri take kwaikwayo, kuma sharaɗin shi ne agogon kar ya tsaya kuma gudunsa kar ya canza fiye da sakan 60 a rana. Daga mita 1 ɗin nan kaɗai agogo yana isa ƙasa da gudun mita 4.43 a sakan, kuma tsayawar farat ɗaya da yake yi tana kai wa ninki 5,000 na nauyinsa, wato abun da ke da giram 1 a ciki a wannan ƙiftawar sai ya zama kamar kilo 5. Katako fa aka ce, ba siminti ba, ba kwalta ba, ba daga kan babur yana tafiya ba.

Kai kam mai batir ya dace da kai, ka ajiye mai injin don Juma'a da biki. Jijjigar kan babur a hanyoyinmu duk yini tana kwance sukuru tana gajiyar da inji ko bai faɗi ba. G-Shock ma ai daga irin wannan takaicin aka samo shi, injiniyan Casio Kikuo Ibe agogon da mahaifinsa ya ba shi ne ya faɗi ya tarwatse, ya sa wa ransa sai ya yi wanda zai jure faɗuwa daga mita 10, ya yi ta jefo samfura ta tagar bene har sama da 200, aka fito da na farko a 1983. In za ka saya dai ka kula, akwai jabunsa da yawa a kasuwa.

Tambaya: Nawa ya faɗi watan jiya ba abun da ya same shi, amma yanzu in na yi alwala sai in ga hazo a cikin gilashin. An ce in saka shi cikin shinkafa. Daga Jos.

Amsa: Ashe ko abu ya same shi. Duka yakan ɗan ɗaga gilashi daga mazauninsa, ko ya lanƙwasa sandar kunne, ko ya gotar da robar murfin baya, ido ba ya gani amma ruwa yana gani. Shi ya sa duk agogon da ya faɗi, ko an rubuta mita 100 a jikinsa, a ɗauka ba ya hana ruwa sai an gwada shi an canza robobin, wannan har da kai mutumin Zariya. Shinkafa ki bar ta a tukunya, ko ka bar ta, ban san ko namiji ne ya aiko ba, ba ta iya janyo ruwan da ke cikin rufaffen ƙarfe, kuma kwanakin da za a ɓata ana jira tsatsa ke amfani da su. Kar a ɗora shi a rana ko kusa da murhu. A kai a buɗe a busar da shi cikin kwana ɗaya ko biyu, a duba ko tsatsa ta fara. Sannan a duba 'yan fil ɗin da ke riƙe maɗauri, faɗuwa tana lanƙwasa su kuma su ke jawo faɗuwa ta biyu, kuɗinsu ba yawa a canza duka biyun. Wajen alwala kuma in an cire a jefa a aljihun gaba na riga, ba kan gwiwa ko bakin famfo ba, ɗaurawa da cirewa a gida a riƙa yi a saman gado ko a zaune kan kafet.